Kada kowa ya tura kuɗi, an ƙwace WhatsApp ɗin Kawu Ma'aji

Abban Hanifa: Salamu alaikum jama'a, don Allah kowa ya saurara. Duk wanda saƙo ya shigo masa daga lambar Kawu Ma'aji tun ƙarfe goma na safe zuwa yanzu, ba shi ba ne. Yanzun nan muka rabu da shi a bakin Kantin Kwari. Wayarsa na hannunsa, layinsa na ciki, in an kira yana ɗagawa, amma WhatsApp ɗin ya fita daga hannunsa. Wanda ya riƙe shi yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa a ranta masa kuɗi zuwa yamma. Kada kowa ya tura ko sisi. Ku gaya wa na gida waɗanda ba sa leƙa zauren nan.

Maman Sadiq: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Khalifa BUK: Ni ma ya taɓo ni. Wai "Khalifa ɗana, kana kusa?" Na ce lallai yau da magana. Kawun da bai taɓa rubuto min harafi ɗaya ba, kullum sai saƙon murya na minti huɗu, rabinsa gaisuwa? Na ce masa ya kira ni, sai ya ce yana cikin taro. Nan na gane.

Maman Sadiq: Abban Hanifa, sanarwarka ta same ni a makare. Na tura dubu 85 tun wajen sha ɗaya. Kuɗin adashinmu ne da na ɗauka jiya. Ya ce an kwantar da marainiyar nan ta layin masallaci, asibiti sun ce sai an biya kafin a shiga da ita tiyata, shi kuma bankinsa ya ƙi tafiya. Ta yaya Kawu zai ce min haka in tsaya bincike?

Injiniya: Hajiya, sannu, Allah ya mayar da alheri. Amma kafin jaje, abu biyu yanzu-yanzu. Ki kira bankinki a lambar da ke bayan katinki na ATM, ba wata lambar da za ki gani a Facebook ba, ki ce damfararki aka yi, ki ba su lambar asusun da kika tura wa da lokacin. Su ne za su tuntuɓi ɗaya bankin a riƙe kuɗin in bai fita ba. In da hali ki sa Sadiq ya kai ki reshe kafin su tashi. Na biyu, Yaya Abban Hanifa, ka cire lambar Kawu daga zauren nan. Duk abin da muke rubutawa mutumin yana karantawa.

Abban Hanifa: Kai Injiniya. In cire Kawu daga zauren da shi ya ce a buɗe? Da wane ido zan dube shi?

Injiniya: Ai ba Kawu za ka cire ba, Yaya. Kawu yana Kwari. Wanda ke cikin zauren nan ɓarawo ne sanye da rigar Kawu.

Anti Bilki: Tsaya kafin ka cire shi. Kai bawan Allah, in kana gani, kuɗin adashin matar da ke sayar da ƙosai da awara ka ci, kuma da sunan marainiya ka ci. Ka je, kai da Allah. To Abban Hanifa, yanzu cire shi.

Abban Hanifa: Na cire. Allah ya sa Kawu ya fahimce ni.

Baba Fansho: Ni fa ban gane ba. Waya tana aljihun mutum, an ce an shiga cikinta. Ta ina? Ko aljanu ne?

Abban Hanifa: Ranka ya daɗe, ga yadda ya ba ni labari. Wani ya kira shi da safe, Hausarsa tsaf, ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe shi da iyali, ya kira shi da Alhaji Ma'aji. Ya ce daga zauren kwamitocin masallatan Juma'a yake, akwai taro ta intanet ƙarfe takwas na dare, an tura wa kowane ma'aji lambar kujerarsa, ya duba saƙo ya karanto masa don a yi masa rajista. Kawu ya duba, ga lamba shida ta shigo. Ya karanta masa. Har godiya ya yi wa mutumin.

Injiniya: Baba, ba aljanu, kuma ba wani kutse mai wahala. WhatsApp da lambar waya yake gane mai shi. In ka sayi sabuwar waya ka sa lambarka, sai ya turo lambobi shida ta saƙon tes don ya tabbatar layin yana hannunka. Ɓarawon a wayarsa ya sa lambar Kawu, saƙon ya zo wa Kawu, sai ya kira ya roƙa a karanta masa. Yana shigar da su, WhatsApp ya koma wayarsa, na Kawu ya rufe. Tsoffin hirarraki ba zai gani ba, waɗannan suna cikin wayar Kawu. Abin da yake gani shi ne duk zaurukan da Kawu ke ciki, da lambobin mutanen ciki, da sunan da kowa ya sa wa kansa. Shi ya sa ya san ya kira Khalifa da sunansa. Labarin marainiya kuwa, jiya da dare da safen nan ana ta maganarta a nan, duk wanda ya shigo ya zauna minti goma zai tsinci abin da zai yi amfani da shi. Daga zauren nan zai ɗauki lambar wani ya kira shi gobe da sunan taro. Haka suke tafiya, daga zaure zuwa zaure.

Khalifa BUK: Gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A jikin saƙon fa an rubuta kada ka ba kowa wannan lambar. Ni a ganina iyayenmu da suka manyanta a bar musu ƙaramar waya mai tocila, kira da amsawa. Babbar waya ba tasu ba ce.

Baba Fansho: Khalifa, ni ne daddawar? To madalla. Mu da muka sayi layi a 2001 lokacin da kuɗinsa ya fi albashin wani, kai ko haihuwarka ba a yi ba. Bari in tambaye ka. Su wa suka zuba kuɗi a MMM mai alƙawarin ninka kuɗi har ta rufe a Disambar 2016, tsofaffi? Su wa suka kwana suna dangwalar fuskar waya a 2024 saboda wani wasan maining mai hoton ɓera da ake ce wa Hamster, har da masu sayen waya ta biyu da ta uku, ana cewa za a fashe a sayi gida a Nasarawa? Ranar da ta fashe ai muna zaune a majalisa muka ga fuskokinku. Kai da bakinka ka ce min abin da ka samu bai biya datar da ka ƙona ba.

Khalifa BUK: Tuba nake Baba 😂 Amma maining ai ba damfara ba ce, lokacinmu kawai muka sa.

Baba Fansho: Da CBEX fa, dandalin zuba jarin nan da ya rufe da kuɗin mutane a 2025, lokaci aka sa ko dala?

Injiniya: Khalifa, ka yi wa Baba laifi, kuma maganarka ba daidai ba ce. An rubuta kada a ba kowa, gaskiya ne. Da wane harshe aka rubuta? Kawu yana karanta ajami, yana karanta Hausar boko, lissafin da yake yi da ka a kasuwa ni sai da kwamfuta. Gargaɗin da Turanci ya zo masa, ɓarawon kuma da Hausa ya zo, da sallama da girmamawa. Wa kake zaton zai ci?

Kuma ku tuna yadda mutanenmu suka shigo harkar nan. Ba shiga suka yi ba, tura su aka yi. Canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da takardar naira ta ɓace, mai shayi da mai kayan miya da mai adaidaita duk aka wayi gari sai da tiransifa. Cikin 'yan makonni dattijon da bai taɓa riƙe katin banki ba ya buɗe asusu a waya, yaron maƙwabta ne ya buɗe masa, yaron ne ya zaɓa masa lambar sirri, galibi shekarar haihuwa ko 1234. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa wannan lambar kamar makullin shagonka take. An ba mutane mota an ce su hau titi, ba a nuna musu birki ba.

Abin da ya fi damuna ma ba rashin sani ba ne. Ni da nake aikin nan, sau nawa na ga masu digiri biyu an wanke su. Abin da suke kama mu da shi kunya ce da kara. An yi mana tarbiyya cewa babba ba ya roƙo sau biyu, kuma in ya ce ka ranta masa ba ka cewa tsaya in tabbatar. Hajiya ba don kwaɗayi ta tura ba, don mutunci ta tura. Waɗannan mutanen sun san mu ciki da bai, sun san cewa Bakano gara ya yi asarar dubu 85 da a ce ya tuhumi kawunsa.

Maman Sadiq: Wallahi ka faɗi abin da ke raina. Da na sa lambar asusun, sunan da ya fito ba na Kawu ba ne, wani suna ne daban. Gabana ya faɗi. Na rubuta masa cewa Kawu sunan wani nake gani. Ya ce na yaron shagonsa ne. Na ɗauki waya zan kira, sai na ce kai, kada ya ga kamar na ƙi ne nake kwana-kwana. Ina mota yanzu, Sadiq zai kai ni bankin.

Mai POS na Kurna: Allah ya sa a dace Hajiya, amma kada ki sa rai da yawa. Irin wannan kuɗin ba ya kwana. Yana shiga ake rarraba shi gida uku ko huɗu, a cire a wurin irinmu. Kuma sunan da kika gani, in an bi shi, sau da yawa wata baiwar Allah za a tarar a ƙauye wadda ba ta ma san tana da asusun ba. Da idona na ga masu yawo unguwa-unguwa da littafi, wai ana rajistar tallafi, a karɓi NIN ɗin mata da BVN, a ɗauki hoton fuskarsu, a ba su ɗan abin sayen omo. Da waɗannan ake buɗe asusun da kuɗinki ya faɗa. Tun daga 2024 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN, to sai ɓarayin suka koma sayen na talakawa.

Mu ma fa muna shan namu. Satin da ya wuce wani ya zo da shadda mai maiƙo, ya ce ya tura dubu 40, ya nuna min rasit a wayarsa, ni ma ga saƙo ya shigo kamar alat. Na ce Alhaji bari in duba balas. Ya hau faɗa, wai ban san ko shi wane ne ba. Na ce ko Sarkin Kano ne sai na ga balas ya motsa. Ya ce bari ya ɗauko abu a mota. Har yau yana ɗaukowa.

Bash Farm Centre: Na Kawu ma da sauƙi, tunda layinsa na hannunsa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne ƙwacen waya. Mutane suna kukan wayar, alhali yanzu layin ne abin nema. Yaro ya ƙwace waya, ya zare layin ya sa a ƙaramar waya ta dubu biyar. Makullin fuska da zanen yatsa da kuke taƙama da su duk sun zama banza, tunda wayar suke karewa, ba layin ba. Ya danna *565*0# BVN ɗinka ya fito, alat ɗin da ke shigowa su nuna masa bankinka, duk lambar tabbatarwa da banki zai turo hannunsa za ta zo. Wani abokin cinikina an ƙwace tasa bayan isha'i a hanyar gida, ya ce bari gari ya waye ya je ofishin layi. Kafin asuba an share asusun, har bashi aka ci da sunansa a manhaja.

Anti Bilki: Bash, kada ka ji haushi, amma wayoyin da ake ƙwacewa a hannun 'ya'yanmu da wuƙa ina suke zuwa? Ba cinye su ake yi ba. Da babu ɓarawon zaune da na tsaye ya gaji ya daina. A 2023 an ce za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami a Kano, to mai saye fa?

Bash Farm Centre: Anti, ba zan rantse wa kowa ba, kasuwa ta tara kowa da kowa. Ni dai a shagona ba na sayen waya ta hannu sai da kwali ko rasit, in danna *#06# in ga lambobi 15 ɗin nan na IMEI sun yi daidai da na jikin kwalin, in ɗauki hoton mai sayarwa riƙe da wayar. Wanda ya ƙi hoto ya ƙara gaba. Amma ku ma masu saye da naku. Mutum ya ga wayar dubu 300 ana ba shi a dubu 90 a bakin titi, ba caja ba kwali, ya san abin da yake saya. Ranar da aka bibiyo ta, shi za a ɗaure, yana rantse-rantse.

Anti Bilki: Na yarda da wannan. Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Yarinya ta kai waya gyaran sikirin, a ce ta bar lambar buɗewa ta dawo gobe. Bayan wata biyu hotunan da ta ɗauka a ɗakinta suna yawo, ko a kira ta a ce ta kawo kuɗi ko a watsa. A makarantarmu mun ga wadda aka fasa aurenta saura kwana goma a kan irin wannan. Kuma kowa ita ya zaga, ba wanda ya tambayi wa ya fitar. Ta yi shiru, iyayenta suka yi shiru, don a wurinmu zuwa wurin 'yan sanda da irin wannan magana tonon asiri ne na biyu.

Bash Farm Centre: Canjin sikirin ko batir ko wurin caji ba ya buƙatar lambar buɗe waya. In mai gyara ya ce zai gwada, ki buɗe da hannunki ya gwada a gabanki. Ki zare layi da memori kafin ki miƙa. Wannan ko ƙanwata haka nake gaya mata.

Barista: Na shigo a makare, ina kotu. Anti, abin da kika faɗa laifi ne a doka, ba abin kunyar yarinyar ba ne kawai. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, ta taɓo damfara ta kwamfuta, da shiga rigar wani, da barazana ta saƙo. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumarta. Doka ba ta yi ƙaranci ba, mai kai ƙara ne babu. Abin dariya, 419 ɗin da muke kiran 'yan damfara da shi sashe ne na kundin laifukan da ake aiki da shi a Kudu, mu nan Penal Code muke bi, amma sunan ya bi gari.

Hajiya, ki adana rasit da hoton hirar gaba ɗaya, kada ki goge don takaici. Ki karɓi lambar ƙorafi a banki a rubuce. Ki kai rahoto wurin 'yan sanda, domin ko an riƙe kuɗin, yawanci sai da umarnin kotu ake dawo da shi. In mako biyu ya wuce banki bai ce komai ba, ana iya kai ƙorafi sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Takardar ni zan rubuta miki, ba sai kin biya ba.

Khalifa BUK: Barista, a kan dubu 85? Kuɗin mota da na "a sa mai a mota" ai sai sun cinye rabi.

Barista: Da wannan lissafin suke cin kasuwarsu, Khalifa. Mutum hamsin kowa ya ce nasa bai kai a wahala ba.

Mai POS na Kurna: Ni tambayata ga gwamnati ce. Tun Disambar 2020, zamanin Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Mun yi layi a rana, an toshe layukan mutane, an ce daga yanzu duk wanda ya yi laifi da waya za a san shi. To ga lambar da ta kira Kawu, ga asusun da aka tura wa kuɗi. Me ya rage?

Injiniya: Abin da ka faɗa da bakinka ɗazu shi ya rage. Rajista tana nuna sunan wanda aka yi da shi, ba hannun da ke riƙe da layin ba. In an yi da NIN ɗin tsohuwar da aka ba kuɗin omo, ita za a gani. Ban ce haɗawar banza ce ba, tana taimakon mai bincike in ya ga dama ya yi binciken. Kuma akwai wata ɓaraka da ba a cika magana a kanta ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana sake sayar da lambar. In mahaifinka ya rasu kuka jefa layinsa a durowa, alhali yana haɗe da asusunsa, wata rana wani baƙo ne zai riƙa samun alat ɗinsa. Masu rabon gado su riƙa tunawa da wannan.

Malam na Gwale: Assalamu alaikum. Na bi maganganun tun daga sama. Injiniya, a wuri ɗaya zan ɗan saɓa maka. Kada a sa wa yara a rai cewa kunya da kara su ne cutar. Ba su ba ne. Allah da kansa ya ce a Suratul Hujurati in labari ya zo a yi bincike, kuma bincike bai taɓa zama rashin ladabi ba. In Kawu ya aiko a ranta masa, ka kira shi ka ce Kawu na ga saƙo, ya mai jikin, wane asibiti ne in zo in duba ta. Ka gaishe shi, ka tabbatar, ba ka tuhume shi ba. Iyayenmu ma in ɗan aike ya zo karɓar kuɗi sukan ce ya kawo alama.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Sai dai a ƙara da cewa kiran ya zama ta layi, ba ta WhatsApp ɗin da aka ƙwace ba. Kuma ka yi masa tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa, don yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙonsa. Irin bidiyoyin nan da ake haɗa bakin manyan mutane suna tallan zuba jari, duk aikinsu ne.

Khalifa BUK: To Kawu mai saƙon minti huɗu ai ya tara musu kayan aiki.

Abban Hanifa: Khalifa, ka kiyaye ni. Jama'a ga halin da ake ciki. Mun sake sa lambar Kawu a wayarsa, lambobi shidan sun zo, mun shigar. Injiniya ya ce da zarar an yi haka an fitar da ɓarawon. Amma ya riga ya sa wani fin nasa, don haka mu ma an hana mu shiga, wai sai bayan kwana bakwai. Kawu ya ce a ba kowa haƙuri. Tun azahar bai ci komai ba. Kuma ya ce shi zai biya Maman Sadiq, tunda da sunansa aka karɓa.

Injiniya: Haka ne, kwana bakwai ne, kuma a tsawonsu ɓarawon ba ya ciki. Wannan fin ɗin da ya sa, shi ne da Kawu ya riga shi sawa da ko ya karanta masa lambobin ba zai shiga ba. Kowa ya yi yanzu: saitin, sai akawun, sai tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba shida da ba shekarar haihuwarka a ciki. Ku leƙa wurin na'urorin da aka haɗa, in kun ga kwamfutar da ba ku sani ba ku fitar da ita. Layi ma ana sa masa fin a saitin tsaro na waya, yadda in an zare shi aka sa a wata wayar ba zai yi aiki ba. Amma a kula, zai fara tambayar fin ɗin da layin ya zo da shi. In ba ka sani ba kada ka yi ta canka, sau uku ne kawai ya kulle, sai da PUK, lambobi takwas da ke jikin babban katin da aka ɓalle layin.

Maman Sadiq: Na fito daga banki. Sun karɓi ƙorafi sun ba ni lamba, sun ce kuɗin ya bar wancan asusun minti shida bayan shigarsa, amma za su bi. Maganar Kawu kuwa, wallahi ba zan karɓa ba. Ni na ga sunan wani na tura. Mutumin da ya riƙe mana kuɗin marayu sama da shekara goma ba a taɓa neman naira ɗaya an rasa ba?

Malam na Gwale: A shari'a ba a bin sa. Kuɗin bai shiga hannunsa ba, bai aika a karɓa ba, shi ma zaluntarsa aka yi. In ya bayar kyautatawa ce, in ta ƙi karɓa ita ma kyautatawa ce. Shawarata kada a bar su biyun suna ja-in-ja. Mu nan mun haura mutum ɗari.

Mai POS na Kurna: Na sa dubu biyar. Wa za a tura wa?

Anti Bilki: Tabɗi. Yanzu kuma wa zai yarda ya tura kuɗi don an rubuto lambar asusu a zaure? 😂

Abban Hanifa: Ba asusu. Gobe bayan sallar Juma'a ina ƙofar masallaci ta gabas da littafi, kowa ya kawo a hannu. Mata su ba Anti Bilki. Marainiyar kuma lafiyarta ƙalau, zazzaɓi ne kawai, tana gida.

Khalifa BUK: Mun koma zamanin littafi da biro kenan. Dubu biyu daga ɗalibi.

Baba Fansho: Salamu alaikum, wannan jikarsa ce Ummi nake rubutawa da Wi-Fi ɗin maƙwabta. Baba ya ce a tambayi Injiniya, ya je sa wa layinsa fin, ya sa 1234 bai yi ba, ya sa 0000 bai yi ba, ya sa shekarar da ya yi ritaya, yanzu wayar tana cewa PUK. Katin layin kuma ya ce tun 2001 bai san inda yake ba.

Injiniya: Ummi, karɓe wayar daga hannunsa. Kada ya ƙara danna komai, PUK sau goma ne layin ya mutu gaba ɗaya. Ki nemo takardar NIN ɗinsa, gobe da safe zan biyo mu je ofishin layin.

Baba Fansho: Ya ce ya riga ya gwada huɗu.